Katifa mai ƙarko: Bambancin soso, sifirin da roba, da abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Duk baligin da ke samun barcin sa'o'i bakwai a kowane dare, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da likitoci ke ba da shawara, yakan shafe sa'o'i 2,555 a kan shimfiɗarsa cikin shekara guda. A shekara takwas lissafin ya haura sa'o'i 20,000. Da wuya a sami wani abu cikin kayan gida da ake mora kamar haka, amma duk da haka galibi cikin gaggawa ake sayen katifa: a danna ta da tafin hannu, a dubi kyan yadin da aka lulluɓe ta da shi, a yi ciniki, a ɗaure a kan mota.

Wannan gaggawa tana da tsada ta fuska biyu. Ta fuskar aljihu, manyan sinadaran da ake haɗa soso da su daga ƙasashen waje ake shigo da su, saboda haka tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin musayar kuɗi a watan Yunin 2023, farashin katifa ya yi tashin gwauron zabo. Uban da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki, da magidancin da ke son sauya tsohuwar katifa, da mahaifiyar da za ta kai ɗanta makarantar kwana, kowannensu na son abin da ya saya ya daɗe. Ta fuskar lafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke hana mutane gudanar da harkokinsu a duniya. Dalilan ciwon baya suna da yawa, amma katifar da ta lotsa tana cikin abubuwan da ke iya tsananta shi.

Daga ciyawa da rimi zuwa soso

Neman shimfiɗa mai daɗi tsohon al'amari ne. A shekarar 2020 masu binciken kayan tarihi sun ba da rahoton gano ragowar shimfiɗar ciyawa da aka ɗora a kan toka a wani kogo da ke Afirka ta Kudu, wadda aka ƙiyasta shekarunta da kimanin 200,000. A ƙasar Hausa an yi zamanin tabarma da gadon kara da gadon ƙasa, sannan aka zo na katifar ciyawa da ta auduga da ta rimi, wadda har yanzu akwai dattawan da ke yabon sanyinta.

Katifar soso ta bazu ne bayan kafuwar masana'antu a cikin gida. An kafa kamfanin Vitafoam a Legas a 1962, kuma yana da masana'antu a Ikeja da Aba da Kano da Jos. Kamfanin Mouka kuwa ya samo asali ne daga wata masana'antar kayan ƙarfe da katako da iyalan Moukarim suka buɗe a Kano a 1959, kafin a kafa kamfanin soson a Legas a 1972. Bayan waɗannan akwai wasu kamfanoni da dama, manya da ƙanana, a sassan ƙasar nan. A yau abin da mai saye zai tarar a shago ya kasu gida uku: soso, sifirin da roba, sai kuma waɗanda aka haɗa biyu daga cikinsu a katifa ɗaya.

Aikin katifa iri biyu ne

Kafin a kwatanta su, yana da kyau a san abin da ake nema. Aikin farko na katifa shi ne ɗaukar nauyin jiki yadda ƙashin baya zai zauna a daidai, ba tare da ƙugu ya nutse fiye da kafaɗu ba. Na biyu shi ne sassauta wa wuraren da ƙashi ya fi turowa, wato kafaɗa da kwatangwalo da diddige, don kada mutum ya kwana yana juyi. Cikin katifa ne ke yin aikin farko, samanta kuma ke yin na biyu. Ma'anar ƙarko ita ce ta ci gaba da yin waɗannan ayyuka shekara da shekaru. Katifa tana iya zama da yadinta fes, alhali cikinta ya daɗe da mutuwa.

Katifar soso

Soson katifa wani nau'in roba ne na masana'anta da ake kira foliyuritan, wanda Bajamushen masanin kimiyya Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1937. Ana haɗa sinadarai biyu da ake samu daga man fetur, foliyol da TDI, tare da ruwa kaɗan. Haɗuwar ruwan da TDI ce ke fitar da iskar kabon dayoksaid, ita kuma ta kumbura haɗin kamar yadda yisti ke kumbura ƙullin burodi. Idan ya daskare sai a yanka shi gwargwadon awon da ake so.

Ƙarkon soso ya ta'allaƙa ne a kan abin da 'yan kasuwa ke kira dansiti, wato nauyin dunƙulen soso mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya. Idan an ce dansitin soso 18 ne, ana nufin wannan dunƙule zai yi kilo 18. Soso mai ƙarancin dansiti iska ta fi yawa a cikinsa, bangon 'yan ƙofofinsa sirara ne, don haka nauyin jiki da zafi da zufa kan karya su da wuri, sai katifa ta lotsa a tsakiya. A bisa ƙa'idar da masu sana'ar suka saba da ita, soson da bai kai 20 ba na ɗan lokaci ne ko na ƙananan yara. Wanda ke tsakanin 20 da 28 matsakaici ne. Daga wajen 28 ko 30 zuwa sama ne ake sa ran jurewar kwanciyar baligi ta yau da kullum, sannan akwai soso na musamman mai saurin komawa yadda yake, wanda kan kai 40 ko fiye.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin sukan ɗauka tauri shi ne inganci. Dansiti daban, tauri daban. Masana'anta na iya yin soso marar nauyi amma mai tauri, kamar yadda za ta iya yin mai nauyi amma mai laushi. Marar nauyin zai burge mai saye a shago, bayan 'yan watanni taurin ya zube. Saboda haka danna katifa da hannu ba ya faɗar shekarun da za ta yi.

Mai saye na iya yin lissafin da kansa idan akwai sikeli. Katifa mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 4 da rabi, da kaurin inci 8, girmanta ya kai kusan rabin wancan dunƙule. Ke nan idan dansitinta 18 ne, sosonta zai yi kimanin kilo 9; idan 30 ne, zai yi kimanin kilo 15, ban da ɗan nauyin yadi. Sai dai a san cewa wasu masu algus kan zuba garin alli a cikin haɗin don ƙara masa nauyi. Irin wannan soso yakan yi nauyi amma ba ya da danƙo: idan an ja gefensa yakan yage da sauƙi, idan ya kwana biyu kuma yakan riƙa zubar da gari.

Amfanin katifar soso shi ne ta fi sauƙin kuɗi, tana samuwa ko'ina, ba ta ƙara, ba ta tsatsa, kuma ana iya shimfiɗa ta a ƙasa ko a gado. Rauninta shi ne tana riƙe zafi, tana shan ruwa, kuma mai ƙarancin dansiti ba ta daɗewa.

Soso mai ɗaukar siffar jiki da katifar otofedik

Akwai nau'o'in soso biyu da suka cancanci bayani na dabam. Na farko shi ne wanda ke ɗaukar siffar jiki, wanda idan an danna shi da hannu shatin hannun kan ɗan jima kafin ya ɓace. An samar da shi ne a 1966 a wani aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauki nauyi domin inganta kujerun jiragen sama, kuma sai a farkon shekarun 1990 ya shiga kasuwar katifa. Yana rage matsi a kafaɗa da kwatangwalo, kuma idan mutum biyu na kwance motsin ɗaya ba ya tayar da ɗaya. Amma zafi na sa shi laushi, sanyi na sa shi tauri, sannan da yake yana rungumar jiki yakan tara zufa. Shi ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai. Ana shimfiɗa shi ne a saman wani soso mai ƙarfi ko a saman sifirin, don haka ingancin abin da ke ƙarƙashinsa na da muhimmanci kamar nasa. Mai kyau daga cikinsa dansitinsa kan fara daga wajen 50.

Na biyu shi ne wanda ake yin yawancin katifun da ake kira otofedik da shi a kasuwanninmu. Gutsattsarin soso ne ake niƙawa, a gauraya da gam, a matse da ƙarfi har ya zama dunƙule ɗaya mai nauyi da tauri. Idan an buɗe shi za a ga launuka daban-daban. Yana jure nauyi sosai kuma ba ya saurin lotsawa, shi ya sa masu jiki ke son sa. Sai dai kalmar otofedik suna ne na kasuwa, ba takardar likita ba ce. Ga mutum marar nauyi, ko tsoho mai ciwon gaɓoɓi, ko mai kwanciya a gefe ɗaya, tsananin taurinsa na iya jawo ciwon kafaɗa da kwatangwalo, in ba an ɗora masa soso mai laushi a sama ba.

Katifar sifirin

Ana danganta ƙirƙirar katifar sifirin ga wani Bajamushe mai suna Heinrich Westphal a 1871. Cikinta nannaɗaɗɗun wayoyin ƙarfe ne a jere, an rufe su da wani kauri mai hana wayar taɓa jiki, sannan aka ɗora soso ko auduga a sama.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne Bonnell, wanda kowane sifirin ke da siffar kalangu, faɗi a sama da ƙasa, tsuke a tsakiya, kuma an sarƙe su duka da siririyar waya. Yana da ƙarfi da sauƙin kuɗi, amma da yake a haɗe suke, idan mutum ɗaya ya juya duk katifar kan motsa, kuma idan ya tsufa yakan riƙa ƙara. Na biyu shi ne wanda aka ɗinke kowane sifirin a cikin 'yar jakarsa ta yadi, dabarar da James Marshall ya yi wa rajista a Kanada a 1900. A nan kowane sifirin na aiki shi kaɗai, don haka katifar na bin lanƙwasar jiki, motsi kuma ba ya yaɗuwa. Ya fi tsada.

Abubuwa uku ne ke nuna ƙarkon katifar sifirin. Na farko kaurin waya, wanda ake aunawa da lamba, galibi daga 12 zuwa 15; kuma a lura cewa ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Lamba 13 ta kai kimanin milimita 2.3, lamba 15 kuwa kimanin milimita 1.8. Na biyu ƙarfin gefe: idan an zauna a bakin katifa ta zube, to gefen ba shi da kariya, alhali a gidajenmu bakin gado shi ne kujerar farko. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne soson da ke saman sifirin. Sau da yawa ƙarfen na nan da ransa, soson sama ne ke riga shi mutuwa, har mutum ya fara jin waya a haƙarƙarinsa. Yawan adadin sifirin da ake rubutawa a talla ba ya wadatarwa idan wayar siririya ce.

Babban amfaninta shi ne iska na ratsa cikinta, don haka ta fi soso sanyi. Rauninta shi ne nauyi, da tsoron tsatsa a wuri mai danshi, da lalacewa idan yara na tsalle a kai. Ba a naɗe ta, ba a lanƙwasa ta don shigar da ita ta ƙaramar ƙofa ko ɗaure ta a bayan babur, domin wayar da ta lanƙwashe ba ta komawa daidai.

Katifar roba

Katifar roba, wadda 'yan kasuwa ke kira lateks, ana yin ta ne da farin ruwan da ake tatsa daga jikin bishiyar roba. Asalin bishiyar daga dajin Amazon ne na Kudancin Amurka. A 1876 wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kai irinta kimanin 70,000 zuwa lambun Kew da ke Landan, daga nan aka yaɗa ta zuwa Asiya. A yau Tailan ce kan gaba wajen noman roba a duniya, Kwaddibuwa kuma a Afirka. A Najeriya ana noman ta a jihohi irin su Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba, kuma akwai cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo, kusa da birnin Benin. Bishiyar kan kai shekara shida zuwa bakwai kafin a fara tatsar ta.

A 1929 ne masana a kamfanin Dunlop na Ingila suka gano yadda za a kaɗa ruwan roba ya yi kumfa, a zuba a mazubi, a dafa shi da farar wuta har ya zama soso mai danƙo. Wannan hanya har yau sunan Dunlop take amsawa, kuma robarta ta fi nauyi da ƙarfi. Hanya ta biyu ita ce Talalay, inda ake zuƙe iskar cikin mazubin, a daskarar da kumfar da sanyi kafin a dafa. Robarta ta fi laushi, ta kuma fi tsada.

Cikin nau'o'in uku, roba ta gaskiya ce aka fi shaida da daɗewa. Dansitinta kan kama daga wajen 60 zuwa 95, tana komawa yadda take nan take idan an tashi, kuma ramukan da ake bari a jikinta na taimaka wa iska shiga. Amma tana da nata sharuɗɗa. Tana da tsada, tana da nauyin da mutum ɗaya ba zai iya juya babbarta ba, kuma hasken rana na busar da ita har ta riƙa farfashewa, don haka al'adar shanya katifa a rana ba ta dace da ita ba. Wanda jikinsa ba ya son roba, kamar mai samun ƙaiƙayi ko kumburi idan ya sa safar hannu ta asibiti, ya nemi shawarar likita tukuna.

Akwai kuma robar da ake haɗawa daga man fetur, da wadda ake gauraya ta da ta bishiya. Sannan katifu da yawa da ake tallatawa da sunan lateks, soso ne zalla aka ɗora masa 'yar shimfiɗar roba ta inci ɗaya ko biyu. Ya kamata mai saye ya tambayi kaurin robar da ke ciki da kuma irinta, a nuna masa a rubuce.

Wace ce ta fi daɗewa?

Masu sana'ar kan ba da shawarar sauya katifa bayan shekara bakwai zuwa goma, amma wannan ƙiyasi ne na gaba ɗaya. Idan an jera su, roba ta gaskiya ce ke gaba, domin takan wuce shekara goma idan an kula da ita. Sai soso mai babban dansiti da matsattsen soso da sifirin mai kyau, waɗanda ke kusa da juna. A ƙarshe sai soso mai ƙarancin dansiti da sifirin mai siririyar waya, waɗanda kan gaza cikin 'yan shekaru kaɗan. Wannan na nufin soso mai kyau ya fi sifirin marar kyau, haka ma akasin haka. Sunan nau'in ba ya isa hujja. Ingancin abin da aka zuba ciki ne ke yanke hukunci.

Hanya mafi adalci ta kwatanta farashi ita ce a raba kuɗin da shekarun da ake sa ran katifar za ta yi. A ɗauki misali kawai: katifar naira 90,000 da ta lotsa cikin shekara biyu ta ci wa mai ita naira 45,000 a kowace shekara, alhali ta naira 200,000 da ta yi shekara takwas naira 25,000 ta ci. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce araha ba ta ado.

Yanayin gari da nauyin jiki

Najeriya ba yanayi ɗaya gare ta ba. A Sakkwato da Maiduguri da Kano, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyas, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, katifar da iska ke ratsawa, wato sifirin ko roba, ta fi soso mai ɗaukar siffar jiki daɗin kwana. A Legas da Fatakwal da Kalaba, inda danshi ya yi yawa, abin tsoro shi ne funfuna a ƙarƙashin soso da tsatsa a jikin sifirin, don haka ɗora katifa a kan gado ya fi ajiye ta a kan siminti. A Jos da Mambila, sanyin hunturu na iya sa soso mai ɗaukar siffar jiki ya yi tauri kafin ɗumin jiki ya sassauta shi.

Nauyin mai kwanciya ma abin dubawa ne. Gwargwadon nauyin mutum, gwargwadon dansiti da kaurin da yake bukata. Manyan kamfanoni kan fitar da jadawalin da ke nuna katifar da ta dace da kowane nauyi, kuma ya kamata a nemi dila ya nuna shi. Idan ma'aurata ne, a yi la'akari da wanda ya fi nauyi. Mai kwanciya a gefe na bukatar ɗan laushi a sama saboda kafaɗa, mai rigingine na bukatar matsakaicin tauri, mai rub da ciki kuwa na bukatar wadda ba za ta bar ƙugunsa ya nutse ba.

Game da masu ciwon baya, an daɗe ana cewa gara su kwanta a kan abu mai tauri ƙwarai. Wani bincike da aka yi a Sifen, wanda mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2003, ya gwada wannan magana a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya. Bayan kwana 90, waɗanda aka bai wa katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bai wa mai tsananin tauri. Duk da haka, ciwon bayan da ke tafe da mutuwar ƙafa, ko zazzaɓi, ko rama, ko kasa riƙe fitsari, na bukatar asibiti ne cikin gaggawa.

Abin da za a yi a shago

A auna gado kafin a fita daga gida. Awon katifa a ƙasar nan da ƙafa ake yin sa, kaurinta kuma da inci: akwai 6 da 2 da rabi ta ɗalibai, akwai 6 da 3, 6 da 4 da rabi, 6 da 6, har 6 da 7. Katifar da ta fi gado girma takan lanƙwashe, wadda ta gaza kuma takan riƙa zamewa.

A kwanta a kanta, kada a tsaya ga dannawa. A yi minti goma ko fiye a irin kwanciyar da aka saba. Idan an yi rigingine, a zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugu: in ya shige babu wata tangarɗa, katifar ta yi tauri, in ya ƙi shiga sam, ta yi laushi.

A tambayi dansiti, a ga an rubuta shi a jikin katifa ko a takardarta. A ɗaga kusurwa ɗaya a ji nauyi. A bi samanta da hannu daga kai zuwa ƙafa, domin masu jabu kan manna soso mai kyau a gefe, su cika tsakiya da marar kyau, su lulluɓe da yadi mai ɗauke da sunan sanannen kamfani.

A duba tambarin inganci na NIS, wanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ke bai wa kayan da aka ƙera a cikin gida bayan sun cika ƙa'ida. Da yake tambari ma ana iya kwaikwayonsa, sayen katifa wajen dilan da kamfani ya amince da shi ya fi kwanciyar hankali.

A karɓi rasit da katin garanti, a karanta sharuɗɗansa, a adana su. Garanti kan shafi aibin ƙira ne kawai. Ba ya ɗaukar ƙuna ko jiƙewa ko yagewa. Idan kamfani ko dila ya ƙi cika alkawari, ana iya kai koke ga Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kayayyaki ta Tarayya, FCCPC, kuma rasit ne hujjar farko da za a nema.

A yi hattara da katifar hannu. Ba a ganin abin da ke cikinta, kuma ita ce hanya mafi sauƙi da kuɗin cizo ke shiga gida.

Yadda za a tsawaita kwananta

Katifa mai kyau a kan gado marar kyau ba ta daɗewa. Kada tazarar da ke tsakanin katakan gado ta wuce inci uku, kuma babban gado na bukatar ƙafa ko tokari a tsakiya. A cire ledar da aka naɗo katifa da ita. Barin ta, kamar yadda wasu ke yi don kada ta yi datti, na tara zufa da danshi. Maimakon haka a sa mata rigar katifa mai hana ruwa shiga, musamman inda akwai yara. A riƙa juya ta, kai ya koma ƙafa, duk bayan wata uku zuwa shida, a kuma kifa ta idan mai fuska biyu ce. Idan a ƙasa take, a riƙa jingine ta da bango ta sha iska. Idan ta jiƙe, a tsane ruwan da tawul, a busar da ita sarai kafin a mayar da zanin gado.

Akwai kuma batun rai. Soso na kamawa da wuta cikin sauri, kuma hayaƙinsa na ɗauke da guba irin su kabon monoksaid da haidirojin sayanaid, waɗanda ke iya sumar da mutum kafin wutar ta kai gare shi. A nisanta kyandir da maganin sauro na hayaƙi da kaskon turaren wuta da garwashin jin ɗumi daga katifa, musamman a lokacin hunturu. Jariri kuwa, likitocin yara sun yi ittifaƙi a kan a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri kuma shafaffiya, ba tare da matashi ko tarin bargo ba. Katifa mai nutsewa haɗari ce ga numfashinsa.

Yaushe za a rabu da ita?

Alamomin a bayyane suke. A cire zanin gado, a gicciya miƙaƙƙen katako ko sanda a kan katifar. Idan ramin da ke ƙarƙashinsa ya kai inci ɗaya da rabi, ta gama aiki. Haka nan idan ana jin waya ko katakon gado a jiki, ko mutum biyu na gangarowa tsakiya, ko soso na zubar da gari, ko funfuna ta shiga cikinta. Wata alamar ita ce mutum ya riƙa tashi da ciwon baya da safe wanda ke sakinsa bayan ya ɗan motsa, ko kuma ya lura ya fi samun barci idan ya kwana a wani wuri.

Wanda ke da hali kuma yake son katifar da za ta daɗe ƙwarai, roba ta gaskiya ce zaɓinsa. Wanda zafi ya fi damu, ya nemi sifirin mai kaurin waya da soso mai kyau a sama. Wanda kuɗinsa ba su kai nan ba, soso mai babban dansiti daga amintaccen dila zai yi masa hidima shekaru masu yawa, kuma gara ya rage inci biyu a kaurin katifa da ya rage dansitinta.